Kullum Amsata Ba Gajiya

Sallama ga masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru shekarata ashirin da biyu, ina aure a wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa, da 'ya ɗaya mai shekara uku, ga kuma cikin na biyu. Karatun boko a aji huɗu na tsaya, sai Islamiyya da na ɗan taɓa bayan aure, don haka duk inda aka ga maganata ta karkace a yi mini uzuri. Mijina manomi ne, da rani kuma yana shiga Kano aikin lodi a kasuwa, sai wata ya zagayo yake leƙo mu. Gidan ni ce da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Tun ina yarinya ni mai yawan fargaba ce, idan yaro ya yi tari sau biyu na riga na tuno duk wanda na sani ya fara da irin wannan tarin. Ina kuma da sa ido. Nakan lura da abin da mutane suke wucewa ba su gani ba, kamar gashin yaro da ya canja launi, ko murhun da tokarsa ta nuna ba a hura wuta da safe ba. Wannan sa idon ne ya kai ni aikin da zan ba da labarinsa, shi ne kuma bai amfane ni da komai ba a cikin ɗakina.

Shekarun nan ne da tsada ta yi tsanani, har farashin kwanon gero ya zama hirar gidan suna da ta gidan makoki. Mu ƙasarmu ba daji. Gonar wani tana ƙarewa ne a jikin katangar wani, gonakin kuma an yi ta raba su tsakanin 'yan uwa har sun zama 'yan mitsi-mitsi. Takin zamani ya fi ƙarfin mutane, na gida kuma ba ya isa, saboda haka rumbu ba ya kai mu damina. Gidaje da yawa suka koma tuwo sau ɗaya, miyar kuka ba mai ba daddawa. A cikin wannan hali ne yaron maƙwabciyarmu ya fara lalacewa. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina wasa, daga baya ƙafafunsa suka kumbura. Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce shawara, wata tsohuwa ta ce bakin mutane ne. An yi jiƙo an yi rubutu. Wata biyu ina kallonsa ta kan katanga, ina ganin abin yana ci gaba, ban ce komai ba don a ganina ba hurumina ba ne. Ya rasu wata ranar Laraba da hantsi. Na daɗe ina jin kamar da hannuna a ciki.

Ba a jima ba wata malamar asibiti daga sha-ka-tafin da ke kusa da mu ta zo gidan mai unguwa, aka tara mata. Ta ce ciwon nan sunansa tamowa, yunwa ce ke kawo shi, kuma yana da magani idan an gane shi da wuri. Ta ce tana neman mata da za su riƙa shiga gidaje don Allah, ba albashi, suna auna dantsen yara da wani tef mai launi uku. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja kuma a garzaya asibiti. Aikin ba ya buƙatar karatu, ido yake buƙata. Za mu kuma koya wa iyaye haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, da zuba zogale a miya, da ba jariri nono zalla har wata shida ba ruwa ba koko. Mu huɗu muka ɗaga hannu. Mijina ya so ya hana, Inna ce ta sa baki ta ce aikin lada ne. Ya yarda bisa sharaɗin unguwarmu kaɗai, kuma in dawo kafin la'asar.

Da farko dariya aka riƙa yi mana. Mazan da ke zaune a ƙofar gidaje suka sa mini suna Tela, in na zo wucewa a tambaye ni yau wa zan auna wa riga, ko kuwa hula nake ɗinkawa. Wasu gidajen ko zaure ba a bari in wuce, wai zuwa nake in ga asirinsu in kai gaba. Sai da wata yarinya da na tura asibiti ta dawo da ƙafarta tana gudu a tsakar gida, sannan abin ya juya, aka koma aikowa ana nemana. Nan sharaɗin mijina ya fara rushewa ba tare da na yi niyya ba. A wajenmu idan kina tsakar gidan ƙarshe na unguwa, kina jiyo dakan unguwar gaba. Burtali ɗaya ne tsakani. Za a ce miki ai can ma akwai wani yaro, ba nisa, ga rufin gidan nan kina hangowa. Ki je can, su ma su nuna miki na gaba. Babu inda gidaje suke yankewa balle mutum ya ce nan ne iyakata. Abokan aikina uku kuwa ni na kore su ba da baki ba. Duk gidan da suka auna sai na bi na sake aunawa, don hankalina ba ya kwanciya da awon kowa. Suka lura, suka ji haushi, ɗaya bayan ɗaya suka ajiye tef ɗinsu. Ban roƙe su ba. A raina ma sauƙi na ji.

Kowa ya san yadda gaisuwarmu take. A ce miki ina gajiya, ki ce ba gajiya. Ba wanda yake jiran wata amsa daban, ko da a kan gadon asibiti kike. To ni a rana ina shiga gidaje da yawa, kowane gida da mata uku ko huɗu, kowacce sai ta ce Tela ina gajiya, in ce ba gajiya, ta ce sannu da ƙoƙari Allah ya ba da lada. Tun ina faɗa a matsayin gaisuwa har na koma jin maganar kamar gaskiya ce game da ni. Mata suka riƙa cewa ita wannan ba ta gajiya, da tsohon ciki ma ga ta a rana. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan yabon. Ni da ban yi karatu ba, ni da ba wanda ya taɓa neman shawarata a kan komai, ga shi ana ajiye mini tabarma.

Na haihu bayan an gama shigar da hatsi, namiji. Haihuwar fari a gidanmu na yi wanka, wannan kuwa Inna ce ta karɓi aikin. Mijina ya tanadi itace da kara kafin ya koma Kano, aka yi ƙauri bayan suna duk da halin da ake ciki. Safe da yamma Inna tana dafa ruwa da ganyen darbejiya, tana dama kunun kanwa, ta ce ni dai nawa in ci in sha in kwanta in ba yaro nono har arba'in. A nan na yi kuskuren da nake so a ji. Malamar asibiti ta taɓa ce mana a rage zafin ruwan wanka, a kuma rage kanwa a kunu, don suna wahalar da zuciyar mai jego. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni kuma na ɗauki wannan maganar na shimfiɗa ta a kan jegon gaba ɗaya, har da kwanciyar, don ta yi daidai da abin da raina yake so. Ina kwance ina lissafa yaran da ban auna ba, kowane kukan yaro da na jiyo daga waje sai gabana ya faɗi.

Rana ta goma sha huɗu wata mata ta shigo har ɗakina da ɗanta, na auna shi ina zaune a bakin gado, ja. Ta ce mijinta ya ce ba inda za a kai shi, sai dai idan ni na je na yi masa magana. Na miƙe na sa hijabi. Inna tana tsakar gida da damin ganye a hannu, ruwa yana kan wuta. Ta tambaye ni ina zuwa da ɗanyen jiki. Na ce mata malamar asibiti ta ce wannan zaman tsohon yayi ne, yanzu an gano ba shi da amfani. Ƙarya na yi wa malamar, na kuma yi wa Inna. Ta dube ni ta dubi tukunyar, ta ce to, ku ne masu ilimin yanzu. Daga ranar ban sake zama ba. Ragowar ƙaurin ma juye shi na yi a kwano na kai wani gida da na san sun kwana biyu ba su ga nama ba.

Watannin da suka biyo baya kusan iri ɗaya ne. In tashi in yi shara, in ɗora abin kari, in ba yaro nono a gaggauce, in fita. Saboda ƙurar hunturu, daga baya kuma zafin bazara, sai na riƙa barinsa wurin Inna, da cewa yanzu zan dawo. Yanzun takan kai bayan azahar, wani lokaci la'asar. Yaro yana kuka ba uwa, me tsohuwa za ta yi? Ta fara ba shi ruwa, daga baya ta koma tsinkakken koko. Wata biyu da haihuwa ɗana yana shan koko, a daidai lokacin da nake zaune a gidan wata ina ɗaga mata yatsu shida ina cewa nono zalla. Na sani, ba wai ban sani ba, na dai ce gobe zan gyara. Abinci kuwa na daina ci yadda ya kamata. A gidajen da nake shiga akan miƙo mini fura ko ɗumame, in ce na ƙoshi, don na ga tukunyarsu. In na dawo gida Inna ta ajiye mini tuwo, sai in tuna yaran da na gani, in kasa ci, in tura wa 'yata. Nono ya fara ja baya. Da in na daɗe a waje rigata take jiƙewa, sai ta daina. Jiri yakan ɗebe ni a burtali in dafa kara in tsaya har ya wuce. Duk wanda ya same ni a tsayen ya ce ina gajiya, in ce ba gajiya.

Alamomin da na sani kamar sunana duk sun bayyana a jikin ɗana, na dai ba kowacce wani suna daban. Ya daina yawan kuka, na ce yaro ne mai haƙuri. Rigar da aka sa masa yana wata uku har ya shiga wata bakwai tana shigarsa, na ce ɗinkin ne da yalwa. In na goya shi ba na jin nauyi, na ce ni ce na saba da tafiya ƙarfi ya zo mini. Da ya cika wata shida ban taɓa zama na soya waken suya na haɗa masa garin da nake koya wa mutane ba, ba lokaci. Ya fara gudawa, Inna ta ce ko a kai shi a duba, da bakina na ce mata haƙori ne. Kalmar da na shekara ina yaƙi da ita a gidajen mutane. Mijina ya dawo noman damina, ya ɗaga yaron sama ya ce wannan fa ya rame. Na amsa masa da zafi cewa duk ƙauyen nan ba wanda ya kai ni sanin ramar yara, in da wani abu ai ni zan fara gani. Ya bar maganar, don shi ma ya yarda da hakan. Tef ɗin nan kullum a cikin jakata yake kwana, a rataye a ƙusa saman gadon da yaron yake barci. Ban taɓa naɗa masa ba. Na yi ta tunanin dalili daga baya. Ba mantuwa ba ce, tsoro ne. Wani sashe na zuciyata ya san launin da zai fito.

A tsakiyar damina, gero ya rufe hanyoyi amma bai nuna ba, lokacin da yunwa ta fi tsanani, Inna ta tafi ta'aziyya wani gari da 'yata, dole na fita da goyo. Na je gidan wata tsohuwar ungozoma a unguwar da ke gabas da mu don in auna jikanta. Ita ce ta yanke wa mijina cibiya, kowa Iya yake ce mata. Na same su a rumfa su biyar suna tsinke tafasa za su yi kwaɗo. Muka gaisa, ta ce ina gajiya, na ce ba gajiya, ina ta laluben jaka. Ba ta ce madalla ba kamar yadda ake yi. Ta ajiye ganyen da ke hannunta.

"Ba gaishe ki nake yi ba, 'yar nan. Tambayarki nake yi."

Na yi dariya na ce wallahi Iya lafiyata ƙalau. Ta ce in matso. Ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa ta duba, ta juya tafin hannuna ta duba. Sannan ta ce in sauke mata mijinta ta gan shi, tunda tun suna rabonta da shi. Na kwance majanyi na miƙa mata. Ta ɗora shi a cinya ta cire masa hula, ta shafa gashinsa, ta daɗe tana shafawa. Matan da ke wurin suka daina tsinkar ganye. Sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta abin awon nawa. Na ce Iya ai ba ki iya ba, akwai yadda ake yi. Ta ce karatu ne ba ta iya ba, amma ta san ja in ta gan shi. Ta naɗa masa a dantsen hagu kamar yadda ta sha ganin ina yi. Na ce ta matse da yawa. Ta ce to karɓi ki yi da kanki, Tela. Na auna. Na sassauta na sake aunawa. Na koma ɗaya hannun, abin da na sha hana mutane yi. Duk inda na juya tef ɗin, ja ne, kuma ba a bakin ja ba, can ciki.

Ban yi kuka ba a wurin. Abin da na tuna shi ne na ninke tef ɗin da kyau na mayar jaka, na ce bari in auna jikan nata tunda shi ya kawo ni. Iya ta ce jikanta zai jira. Ta sa surukarta ta ɗauki goyon, don ta ce ba ta yarda da ƙafafuna ba, ta aika gona a gaya wa mijina, muka kama hanyar asibiti. A kan bencin da ake jira akwai mata uku da ni na turo su da kaina. Ɗaya ta matsa mini wuri ta ce Tela yau wa kika kawo mana. Ta leƙa fuskar yaron, ta dube ni, ta kawar da kai.

Malamar asibiti ta auna shi, ta ɗora shi a sikeli, ta lakato abincin tamowa na leda ta sa masa a baki. Ya kawar da kai. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Na san ma'anar wannan, ni nake yi wa mata bayaninsa: yaron da ya ƙi ci ya wuce a ba shi magani a koma gida, sai kwanciya a babban asibiti. Tana rubuta takarda tana yi mini tambayoyi ba ta ɗago ba, yaushe ya fara koko, sau nawa yake shan nono, kwana nawa na yi a ɗaki bayan haihuwa. Da na ce goma sha huɗu sai ta ajiye biro. Na ce mata ai ita ta ce jegon yana da illa. Ta ce kanwa ta ce a rage, da zafin ruwa, yaushe ta ce a rage kwanciya da cin abinci? Ta ce da ita za ta iya, da ta ƙara wa arba'in ɗin wasu kwanaki. Sannan ta ce laifinta ne ita ma, wata da watanni tana karɓar yaran da nake turowa tana yaba mini, ba ta taɓa cewa in kawo nawa ba.

Mun yi kwana goma sha ɗaya a babban asibiti. Kwanakin farko ta hanci ake ba shi madara da 'yar roba, idonsa a rufe, sai ƙirjin da nake kallo yana ɗagawa. Likita ya ce da mun ƙara mako guda da labarin ya canja. Ni ma aka gwada ni aka ce jinina ya yi ƙasa sosai. Mijina ya bar noma a lokacin da ciyawa ta fi cin gona, yana zaune a baranda. Bai taɓa tuna mini maganar da na gaya masa ba, har yau. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Rana ta shida yaron ya buɗe ido ya kama yatsana, rana ta takwas ya karɓi cokali.

Da muka dawo gida na tarar Inna ta gyara ɗakina ta ɗora ruwa, ga damin darbejiya a jingine. Ta ce in zauna ta yi mini magana ɗaya.

"Kwana goma sha huɗu kika yi, saura ashirin da shida. Wanda ya sha azumi ramawa yake yi. Daga yau za ki fara."

Na ce Inna mutane za su yi dariya, mai jego da ɗan wata takwas. Ta ce su yi, ai sun yi wa tef ma dariya. Ta karɓi jakata da hijabina ta kai ɗakinta. Ruwan ba ta tafasa shi kamar da ba, kunun kuma ba kanwa, na gero da gyaɗa da waken suya ne, irin wanda nake koyarwa, ni kofi yaro cokali. Ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure tana kaɗa zare, duk wadda ta zo nemana ta ce mata Tela tana jego, a je gidan Iya. Makon farko ya fi mini asibiti wuya. Ina jiyo sallamar mata ana mayar da su, ina ganin kamar kowane yaro da aka juya da shi mutuwa zai yi saboda ni. A mako na biyu barci ya zo mini, irin wanda na manta akwai shi. Nono ya ɗan dawo, ba kamar da ba, amma ya dawo.

Abin da ya faru da aikin shi ne ya fi ba ni kunya. Iya ta karɓo tef ɗina daga wurin Inna ta rataye a rumfarta, ta aika ta kira matan nan uku da na kora, ta ƙara da surukarta. Suka raba unguwanni, kowacce da ranarta. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Ɗaya ta riƙa aunawa a kan hannun riga sai da aka gyara mata, wata unguwa mai nisa kuma ba wanda ya leƙa ta har na fito. Amma a cikin kwanakin nan ashirin da shida sun shiga gidajen da ni ban taɓa samun shiga ba. Wani magidanci da ya kore ni sau uku, gwaggonsa ce ta je ta zauna masa a zaure har ya ba da izini. Ashe ba don babu mai yi ba ne nake yi ni kaɗai. Ni ce ban bar wa kowa wuri ba.

Yanzu ɗana yana shekara huɗu. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma sai da ya kusa shekara biyu ya yi tafiya, maganarsa ma ta yi jinkiri, kuma duk cikin sa'o'insa shi ne ƙarami. Idan baƙuwa ta tambayi shekarunsa na faɗa, akwai ɗan shirun da take yi kafin ta ce Allah ya raya. Wannan shirun nawa ne, ni na jawo shi, kuma ban san ko zai taɓa kamo su ba. Na koma aikin, kwana biyu a mako, unguwa biyu, ba na ƙetare burtalin da aka yanka mini. Mu tara ne yanzu. Duk wadda ta haihu a cikinmu muna karɓe tef ɗinta sai ta yi arba'in, kuma ranar da muke haɗuwa a rumfar Iya, da 'ya'yanmu muke fara awo kafin a yi maganar na kowa.

Na rubuto ne saboda na san akwai irina da yawa, masu shiga gidaje don rigakafi, masu koyar da mata karatu, masu sasanta ma'aurata, masu bin marayu. Wahalar mutane ba ta da gidan ƙarshe, in kin gama da wannan za a nuna miki rufin na gaba. Ni na ɗauka hutu na wanda ba shi da tausayi ne, na ɗauka in na ci na ƙoshi na ci amanar yaran da na gani. Ban gane cewa abincin da nake turewa da barcin da nake hana kaina a bakin ɗana nake cire su ba. Ki ci rabonki, ki kwanta in lokacin kwanciya ya yi, ki bar wata ta riƙe aikin ko da ba za ta yi shi kamar ke ba. Abin awon da kike kai wa gidajen mutane, ki fara naɗa shi a naki gidan, musamman ranar da kika ji kina tsoron yin hakan. Kuma ki samu ko mutum ɗaya wanda in ya ce miki ina gajiya, tambaya yake yi. A hanya har gobe ba gajiya nake cewa, don haka gaisuwa take. Amma in Iya ta tambaye ni, nakan tsaya in saurari jikina tukuna. Makon jiya na ce mata akwai. Ta ce madalla, ta karɓi jakar ta miƙa wa surukarta, ni kuma na juya gida tun hantsi, na tarar da ɗana a ƙofa yana wasa da ƙasa, na zauna kusa da shi.